Tsakanin Albaras da Kuturta: Nazari a kan Fassarar Kalmar "Al-Abras" a Tafsirin Hausa

Tsakure

Kalmar "al-abras" ta zo sau biyu a cikin Alƙur'ani mai girma, kuma fassarar da ta fi yaɗuwa gare ta a harshen Hausa ita ce "kuturu". Wannan maƙala ta auna fassarar da ma'aunin lugga da hadisi da fiƙihun Malikiyya, ta kuma kwatanta ta da yadda aka fassara wata kalmar launi, wato "shiya", a cikin Suratul Baƙara. Sakamakon nazarin ya nuna cewa "baras" suna ne na canjin launin fata, "juzam" kuwa shi ne kuturta, kuma haɗe su a kalma guda yana da illa ga fahimtar nassi da hukuncin aure da zamantakewar masu lalurar. An ba da shawarar amfani da "mai albaras".

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, tsohuwar ƙasar karatu ce. Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ribaɗi a Tambuwal, zaurukan malamai ba su rabu da Risala da Muhtasar da Jalalaini ba. A watan azumi mai jan baƙi yakan ja aya, malami ya warware ta da Hausa, kuma abin da jama'a suka ji a wannan zama shi suke ɗauka zuwa gida a matsayin ma'anar maganar Allah. Idan karatu ya kai aya ta 49 a Suratu Ali Imrana, ko aya ta 110 a Suratul Ma'ida, inda aka ambaci mu'ujizojin Annabi Isa (AS), abin da kunne ya saba ji shi ne cewa yana warkar da wanda aka haifa makaho da kuturu, da izinin Allah.

Wannan fassara ita ce kuma ta shiga rubutacciyar tarjamar da ta fi kowace yaɗuwa a ƙasar Hausa, ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi (ya rasu 1992), wadda aka fara bugawa a 1979, daga baya Cibiyar Sarki Fahad da ke Madina ta yaɗa ta. Shaihin ɗan wannan yanki ne: a Gummi aka haife shi, makwabciyar Kebbe, kuma a Dogon Daji ta ƙasar Tambuwal ya yi makarantar elamantare. Hausarsa Hausar wannan shiyya ce, shi ya sa ya dace a fara tattauna zaɓin kalmominsa daga nan. Girman aikinsa ba abin jayayya ba ne. Sai dai ladabin ilmi ya yarda a duba kalma guda a cikin babban aiki, musamman kalmar da hukunci ya rataya a kanta.

2.0 Asalin kalmar a Larabci

Ibn Faris (ya rasu 395 H) a cikin Maƙayisul Lugga ya mayar da tushen ba-ra-sad zuwa ga ma'ana guda: a sami wani gurbi a jikin abu wanda launinsa ya saɓa da launin sauran jikin. Ibn Manzur (ya rasu 711 H) a Lisanul Arab ya bayyana "baras" da cewa fari ne da ke afka wa jiki, Alƙurɗubi (ya rasu 671 H) shi ma haka ya fassara shi a tafsirinsa. Ragib Al-Asfahani ya ƙara da cewa Larabawa sun kira wata da "abras" saboda duhu-duhun da ake hange a fuskarsa, sun kuma kira tsaka "sammu abras" don kamar launinta. Babu wanda zai ce wata kuturu ne. Abin da ya haɗa wata da tsaka da mutum a ƙarƙashin wannan suna shi ne dabbaren launi kawai.

Tushen jim-zal-mim, inda "juzam" ya fito, ma'anarsa yankewa ce. An kira cutar da haka domin tana kai wa ga lalacewar yatsu da gaɓoɓi har su gutsure. Wannan ita ce surar da ke zuwa a zuciyar Bahaushe da zarar ya ji "kuturu": mutum mai dungulmin hannu. Karin maganar da ke cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, daɗinsa yana ga wannan hannu da mai talla ba ya so ya shiga kwanonsa. Abin lura shi ne kalmar "juzam" ba ta zo a Alƙur'ani ba ko sau ɗaya. Wadda ta zo ita ce ta launi.

Larabawa sun tsananta bincike a sunayen cakuɗar launi. Suna cewa "ablaƙ" ga doki mai baƙi da fari, "amlah" ga rago mai fari da ratsin baƙi, kamar raguna biyun da Manzon Allah (SAW) ya yi layya da su a hadisin Anas, "auraƙ" ga raƙumi mai ruwan toka, "abƙa'u" ga hankaka mai farin ƙirji irin wanda yake ko'ina a ƙasar Hausa. A cikin wannan dangi "abras" yake. Tarihin Jazima, sarkin Larabawan Iraƙi kafin Musulunci, ya ƙara tabbatar da haka. Yana da baras, amma don kwarjininsa aka ƙi kiran sa da sunan, aka laƙaba masa "Al-Abrash", mai ɗige-ɗige, da "Al-Waddah", mai hasken fari. Sakaya ba ta yiwuwa sai tsakanin kalmomi makusanta. Da a ce yatsunsa ne suka zube, da kiran sa mai ɗige-ɗige bai rufe komai ba.

3.0 Taskar Hausa da misalin "shiya"

Hausa ba ta gaza Larabci ba a wannan fage, domin ita ma harshen makiyaya da mahaya ce. Akwai dabbare-dabbare ga manyan faci-facin launi, da roɗi-roɗi irin na damisa, da ɗige-ɗige irin na zabuwa, da wake-wake ga kaza ko akuya mai baƙi da fari a cakuɗe, da jirwaye ga sawun da ruwa ya bari a jikin da bai wanku ba. Masu dawaki suna rarrabe danda da hurde da bidi. Duk wanda ya shiga karar dabbobi a kudancin Sakkwato ya san uda, tunkiyar da rabin gabanta baƙi ne ko ja, rabin bayanta fari, kuma ya san yadda dillali yake kare kuɗin jar akuya idan babu wani launi da ya ratsa ta.

Shaihu Gumi ya san wannan taska, kuma ya ɗebo daga cikinta a inda ya dace. A aya ta 71 ta Suratul Baƙara, cikin siffofin saniyar da aka umurci Banu Isra'ila su yanka, an kore mata "shiya". Kalmar daga tushen "washyu" take, wato ƙawata tufa da zane mai launi daban, daga nan ne ma aka kira annamimi "washi" saboda yana yi wa magana ado. Ma'anar ita ce babu wani launi a jikinta da ya saɓa wa fatsi-fatsinta. A nan Shaihin bai tsaya ga "aibi" ko "tabo" ba, waɗanda za su iya kai tunani ga rauni ko miki. Ya zaɓi "sofane", kalmar da ke nufin ɗan gurbin launi dabam a jikin dabba ko tufa. Zaɓi ne na gwani, ya dace da lugga, ya dace da kunnen makiyayi.

Wannan misali shi ya sa fassarar "al-abras" ta zama abin tambaya. Ma'anar tushen kalmomin biyu kusan ɗaya ce, launin da ya saɓa wa sauran jiki. A Baƙara an kiyaye ma'anar launin, a Ali Imrana da Ma'ida kuwa an tsallake ta zuwa sunan wata cuta daban. Kuma ba rashin kalma ya jawo haka ba. Hausa ta daɗe da aron ita kanta kalmar a matsayin "albaras", da harafin "al" manne da ita kamar yadda yake a alƙalami da allura da albasa da aljihu, abin da ke nuna tsufan aron.

4.0 Shaidar hadisi

Sunna ita ce farkon mai bayyana lafazin Alƙur'ani, kuma ta yi amfani da kalmomin biyu ta hanyar da ba ta bar shubuha ba.

Na farko, hadisin Anas ɗan Malik (RA) da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, inda Annabi (SAW) yake neman tsarin Allah daga baras da hauka da juzam da miyagun cututtuka. An jera baras da juzam a jumla guda da harafin haɗi, kuma ƙa'ida sananniya ce wajen malaman usulu cewa asalin aɗafi yana hukunta bambanci tsakanin abubuwan da aka haɗa. Wanda ya riga ya ba wa baras sunan kuturta, idan ya iso wannan addu'a sai ya rasa abin da zai kira juzam da shi, sai dai ya maimaita kalma ɗaya sau biyu ko ya yar da guda.

Na biyu, hadisin Abu Huraira (RA) a Buhari da Muslim game da mutum uku na Banu Isra'ila da Allah Ya jarraba: mai baras da mai ƙora da makaho. Mala'ika ya tambayi kowannensu abin da ya fi so. Makaho ya roƙi gani, mai ƙora ya roƙi gashi, mai baras kuwa ya roƙi kyakkyawan launi da kyakkyawar fata, da gushewar abin da ya sa mutane suke ƙyamarsa. Kowa abin da ya rasa ya roƙa. Da mai dungulmi ne, da yatsu zai fara nema. A zaurukan karatu da yawa ana ba da wannan ƙissa da sunan kuturu da mai ƙora da makaho, sai roƙon mutumin ya zama bai yi daidai da halinsa ba, dalibi mai lura kuma ya rasa inda matsalar take.

Na uku, labarin Uwaisul Ƙarani a Sahihu Muslim. Daga alamomin da Annabi (SAW) ya ba Umar (RA) na gane shi akwai cewa ya yi baras ya warke, sai gurbi guda gwargwadon dirhami. A wata ruwayar an kira abin da "fari" kai tsaye. Ciwon da ake auna ragowarsa da faɗin tsabar kuɗi ciwon launi ne. Kuma mutumin da ke ɗauke da wannan gurbi shi ne wanda aka umurci Umar ya nemi ya roƙa masa gafara.

Na huɗu, mu'ujizar hannun Annabi Musa (AS) a Suratu Ɗaha aya ta 22, da Namli aya ta 12, da Ƙasas aya ta 32. Hannun yana fitowa fari ba tare da wata cuta ba, kuma Jalalaini da sauran masu tafsiri sun ce cutar da aka kore ita ce baras. Dalilin korewar a fili yake: fari a fatar mutum mai duhun jiki, baras yake fara kawowa a zuciya.

A ɗaya gefen, nassoshin da suka yi maganar nisanta da juzam suka zo. Umurnin guje wa mai cutar kamar gudun zaki, wanda ke cikin Buhari, a kan majzum yake. Mutumin tawagar Saƙifa da Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa ya koma, kamar yadda Muslim ya ruwaito, majzum ne. Matar da Umar (RA) ya gani tana ɗawafi ya shawarce ta ta zauna a gida, a ruwayar Muwaɗɗa, ita ma juzam gare ta. Idan aka ba wa mai baras sunan kuturu, duk waɗannan nassoshi sai su hau kansa a tunanin mai sauraro, alhali ba a kansa suka sauka ba.

5.0 Uzurin mai fassara

Adalci ya wajabta a kawo abin da za a iya kare fassarar da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Da farko, aikin Shaihu Gumi fassarar ma'anoni ce, kuma manufar ayoyin biyu ita ce nuna girman mu'ujiza. Jalalaini ya ce an keɓe waɗannan cututtuka biyu da ambato domin sun gagari masu magani, a zamanin da likitanci ya bunƙasa. A kunnen Bahaushe babu cutar fata da ta kai kuturta ban tsoro, saboda haka kalmar tana isar da girman abin cikin sauri. Na biyu, iyakar da ke tsakanin cututtukan ba ta kasance a shace ba wajen magabata kamar yadda take a yau. Kuturta takan fara ne da gurbi mai kodaddiyar fata, kuma malaman Malikiyya sun ambaci baƙin baras mai ɓamɓaroki, suka ce ya fi farin muni domin yana cikin magabatan juzam. Na uku, jama'a da kansu sukan ɗauki albaras a matsayin wani nau'i na kuturta. Na huɗu, Shaihin ba shi kaɗai ba ne. Masu fassara zuwa Ingilishi irin su Pickthall a 1930 da Abdullahi Yusuf Ali a 1934 sun yi amfani da kalmar da ke nufin kuturu, suna bin sawun fassarorin Linjila da suka daɗe da kiran waɗanda Annabi Isa (AS) ya warkar da wannan suna.

Waɗannan dalilai sun isa uzuri, amma ba su isa hujja ba. Game da girman mu'ujiza, mayar da launin fata da shafa guda abu ne da har yanzu likitanci bai iya ba, alhali kuturta ana warkar da ita da ƙwayoyi. Wanda ya riƙe ma'anar asali bai rage wa mu'ujizar komai ba. Game da shigar iyakoki cikin juna, gaskiya ne wani abin da magabata suka kira baras yana iya zama farkon kuturta, amma sun ci gaba da riƙe sunaye biyu da babi biyu, a lugga da fiƙihu da littattafan magani irin su Alƙanun na Ibn Sina (ya rasu 428 H). Mai fassara ba ya haɗe abin da ma'abota harshe suka raba. Game da fahimtar jama'a kuwa, nan ne ma buƙatar gyara ta fi ƙarfi, domin tafsiri makaranta ce, kuskuren da ya sami gurbi a cikinsa yakan sami alfarmar da ba ta saurin gushewa.

6.0 Inda kalmar ta taɓa hukunci

A kotunan shari'a na Tambuwal da Kebbe, kamar sauran Arewa, al'amuran aure a kan mazhabar Malik suke gudana. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hukuncin Umar (RA) cewa wanda ya auri mace mai hauka ko juzam ko baras, ya kuma sadu da ita, tana da sadakinta cikakke, shi kuma ya bi waliyyinta. Malik ya ƙayyade bin waliyyin da ya kasance makusanci, kamar uba ko ɗan'uwa, wanda ake zaton ya san halinta. Ibn Abi Zaid (ya rasu 386 H) ya jera waɗannan aibobi a Risala, Halil (ya rasu 776 H) kuma ya shimfiɗa sharuɗɗansu a Muhtasar: zaɓin warware aure yana tabbata ne idan ɗayan bai san da aibin ba kafin ɗauri, bai yarda da shi ba bayan ya sani, bai kuma ji daɗi da abokin zamansa ba bayan sanin. Idan lalurar ta faru bayan ɗaurin aure, mace ce kaɗai take da zaɓi, shi ma a juzam bayyananne da baras mai cutarwa. Idan ana fatan warkewa, a jinkirta shekara guda.

Abubuwa biyu ne suka fito daga nan. Na ɗaya, fiƙihu ya lissafa baras da juzam a matsayin aibobi biyu, kowanne da ƙaidinsa. Na biyu, gyara fassarar ba zai cire baras daga babin zaɓi ba. Malikiyya sun tabbatar da shi, ko da yake Abu Hanifa bai ba miji zaɓi da shi ba, Ibn Hazm kuma bai yarda da warware aure saboda aibi ba gaba ɗaya. Abin da gyaran zai yi shi ne tilasta wa alƙali da mai fatawa su tambayi wace lalura ce a gabansu.

Tambayar tana da nauyi, domin akwai abu na uku mai suna "bahaƙ". Shaihu Dardir (ya rasu 1201 H) a babban sharhinsa ga Muhtasar ya bayyana cewa bahaƙ yana kama da farin baras a launi, amma babu zaɓi a cikinsa. Ya kawo alamomin rarrabewa: gashin da ya tsiro a kan baras fari ne, na bahaƙ ba haka ba, kuma idan aka soki baras da allura ruwa ke fita, bahaƙ kuwa jini. Ke nan wani dabbaren yana warware aure, wani ba ya warwarewa. Ƙyasbi da ke feso wa matasa a ƙirji da baya lokacin zafi, wanda magani ke kawar da shi cikin makonni, ya fi kusa da wannan kashi na biyu.

Akwai kuma tarkon da ke jiran waɗanda suka yi karatu a ƙasashen Larabawa. A Larabcin asibiti na yau, lalurar da Bahaushe ke kira albaras sunanta "buhaƙ" ko "bahaƙ". Dalibin da ya ɗauki wannan sabon amfani ya karanta Dardir da shi zai yanke cewa albaras ba ya ba da zaɓi sam, alhali alamar farin gashi da Dardir ya ba wa baras ana ganinta a jikin masu albaras da yawa. Lafazin malami da isɗilahin zamaninsa ake fassara shi. Gwajin allura kuwa ilmin likitancin wancan lokaci ne, ba nassi ba, kuma fatar mai albaras tana fitar da jini kamar ta kowa. Hanyar da ta dace da usulun mazhaba ita ce komawa ga ma'abota sani, wato likitocin fata, kamar yadda magabata suka koma ga masanan zamaninsu.

7.0 Abin da likitanci ya tabbatar

Albaras yana faruwa ne idan ƙwayoyin halittar da ke samar da launin fata suka mutu a wasu gurabe, galibi saboda garkuwar jiki ta juya ta yaƙe su. Ba ya yaɗuwa ta hanyar musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya ko kwanciya, ba ya kashe jijiya, ba ya cin yatsa. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da shi a duniya, sai dai ya fi bayyana a baƙar fata. Ya bambanta da zabiyanci, wanda ake haihuwar mutum da shi kuma ya game jiki. Ranar 25 ga Yuni da ake tunawa da masu lalurar a duniya, daga Legas aka fara ta a 2011.

Kuturta kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Tana kama jijiyoyi, mutum ya daina jin zafi a hannu da ƙafa, ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, daga nan nakasa ta biyo. Tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da su. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. A Jihar Sakkwato asibitin Amanawa ya daɗe da wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1930.

Saboda haka cakuɗa sunayen yana cutarwa ta fuska biyu. Yarinyar da fari ya fito mata a gefen baki, idan aka ce kuturta ce, za a ware mata kwano da buta, ƙawaye su janye, masu neman aure su ɗauke ƙafa, har ƙannenta su shafu, a kan abin da ba ya kama kowa. Manomin da kuturta ta fara masa da kodadden gurbi a baya, idan aka ce albaras ne kawai, zai zauna yana shafe-shafe har jijiya ta mutu, alhali a wannan matakin ne magani yake hana nakasa. Alamar rarrabewa ta farko mai sauƙi ce, kuma ta cancanci a faɗe ta a kan mumbari: gurbin albaras fari ne fat kuma yana jin taɓi, gurbin kuturta kodadde ne kuma sau da yawa ba ya ji. Wanda ya ga na biyun ya garzaya asibiti.

Rarrabewar ba ta nufin a tsame mai albaras daga ƙyama a bar kuturu a ciki. Nisantar da hadisi ya yi umurni da ita riga-kafi ce, tana tafiya tare da illarta. Wanda ya sha magani ya warke, ko da nakasa ta rage a hannunsa, babu sauran dalilin gudunsa. Mu'aiƙib Ad-Dausi (RA) ya yi fama da juzam, amma hakan bai hana Umar (RA) ya ba shi amanar baitulmali ba.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa "al-abras" a ayoyin Ali Imrana da Ma'ida siffa ce ta mutumin da farin dabbare ya afka wa fatarsa, kuma lugga da hadisi da fiƙihu sun haɗu a kan raba baras da juzam. Fassara ta da "kuturu" tana da uzurin da aka ambata, amma tana ɓatar da ma'anar launi wadda ita ce jigon kalmar, tana toshe hanyar fassara hadisan da suka jera cututtukan biyu, tana kuma ɗora wa wasu bayin Allah hukuncin da ba nasu ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ce "mai albaras" a ayoyin biyu da ƙissar mutum uku da labarin Uwaisu, a bar "kuturu" ga "majzum". Masu kula da sake buga tarjamar Shaihu Gumi suna iya yin wannan ta hanyar ƙarin bayani a gefen shafi ba tare da taɓa matanin marigayin ba. Malaman tafsiri a Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe da Kuchi ba sa buƙatar jiran kowa, domin gyaran a bakinsu yake, kuma jumla biyu sun ishe su su bayyana wa jama'a bambancin. Ya kamata alƙalai su nemi rahoton likita kafin su yanke hukuncin zaɓi, waliyyai kuma su bayyana lalura tun kafin ɗaurin aure, tunda sani da yarda suna kawar da zaɓin tun daga tushe. Sassan nazarin addini da na Hausa a jami'o'i suna da aikin tattara kalmomin launi da na cututtuka daga bakin makiyaya da masu magani, kafin su ɓace, domin da irinsu ne Shaihin ya sami "sofane" lokacin da ya buƙace ta.

Allah Shi ne Mafi sani, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.